Winchester, garin da har yau matafiyi ke ƙwanƙwasa ƙofa a ba shi burodi

Assalamu alaikum jama'ar Zongo. Tun da na dawo Kumasi duk wanda na haɗu dashi a Aboabo ko a bakin masallaci tambayarsa ɗaya ce, yaya Landan, ina hotunan Landan. To gaskiya Landan ɗin bata riƙe ni ba, na ganta dai, cunkoso da sauri da tsada, amma inda zuciyata ta tsaya wani ƙaramin gari ne a kudancin Ingila mai suna Winchester, shi da tsofaffin gidajen da ke kewaye dashi. Labarinsa nake so in baku, ku gyara zama dan maganar tana da ɗan tsawo.

Wajen Yayata na sauka a Southampton, tana aikin kula da tsofaffi a can. Daga garinsu zuwa Winchester a jirgin ƙasa kusan minti 20 ne, daga tashar Waterloo ta Landan kuma kusan awa ɗaya. Ɗanta ne ɗan rakiyata, a can aka haife shi, Hausarsa ta ɗan karkace amma yana jin komai, kuma yaron akwai son tarihi. Muna sauka daga jirgi yace min, Kawu, kafin Landan ta zama gidan sarauta nan ne gidan sarauta. Kuma haka ne, nan ne cibiyar Sarki Alfred wanda yayi mulki daga 871 zuwa 899, ga mutum-mutuminsa can a ƙarshen babban titi ya ɗaga takobi, tun 1901 aka kafa shi.

Abin da kowa ke fara zuwa gani shine babban cocin garin. Nasan wani zai ce me ya kai Musulmi coci, to ni gini naje gani da aikin hannun bayin Allah, kuma ba wanda ya tambayi addinina a ƙofa, ka biya kuɗin shiga ka shiga abinka. An fara ginin a 1079, tsawonsa kusan mita 170, in ka tsaya a ƙofar yamma ka kalli gabas sai idonka ya gaji kafin ya kai ƙarshe. Dutse ne zalla, sanyi na tasowa ta ƙasan takalminka ko da rana ake a waje. Babbar tagar da ke saman ƙofar ta tsayar dani. A 1642, lokacin yaƙin basasarsu tsakanin sarki da majalisa, sojojin majalisa suka farfasa gilasanta, mutanen gari suka bi suna tsince gutsattsarin suna ɓoyewa, da sarauta ta dawo a 1660 sai aka harhaɗa su yadda aka same su, ba hoto ba tsari, ja a nan shuɗi a can, rabin fuska a gefe guda. Wallahi ni ta fi min kyau a kan tagogin da basu taɓa fashewa ba.

Amma mutumin da na fito da sunansa a bakina ba sarki bane ba limamin coci bane, wani mai nutso ne ana ce masa William Walker. Ashe an gina cocin ne a kan ƙasa mai ruwa da laka, magina na farko itatuwa suka shimfiɗa a ƙasa suka ɗora dutse a kai, to a farkon shekarun 1900 sai bango ya fara tsagewa, gefen gabas na nutsewa a hankali. In an haƙa rami dan a gyara tushe sai ruwa ya cika shi, in an zuƙe ruwan da inji kuma ƙasar ta ƙara zaizayewa. Shine aka kawo wannan bawan Allah, daga 1906 zuwa 1911 yana sa kayan nutso masu nauyin tsiya yana shiga ramukan nan, zurfin har mita 6, cikin baƙin ruwan da ko tafin hannunsa baya gani, kusan awa 6 kullum, da lalube yake jera buhunan kankare har sama da 25,000 dan ya toshe ruwan magina su samu shiga. Sai kace mai yasar rijiya, amma rijiyar da ba'a gama ta sai bayan shekara biyar. Akwai ɗan ƙaramin mutum-mutuminsa a can ƙarshen cocin riƙe da hular nutso. Na daɗe a tsaye a wajen, dan mu ma muna da irin waɗannan mutanen, waɗanda suka ɗauki bulo a ka aka gina masallatanmu da makarantunmu, amma sunan Alhajin da ya bada kuɗi kawai ake tunawa. Shi Walker murar nan da ta kashe duniya a 1918 ce tayi ajalinsa.

A cikin cocin kuma akwai wani littafin Baibul na ƙarni na 12 da aka rubuta da hannu a kan fatar 'yan maruƙa, mutum ɗaya ne ya rubuta shi duka, masu zayyana daban suka ƙawata farkon surorin da ruwan zinariya da wani shuɗin dutse da ake kawowa tun daga Afganistan. Wasu shafukan ba'a ma gama zayyanar ba, kana ganin zanen farko ba launi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara da tawada da zaɓin ja na wasali zai gane wahalar da ke cikin shafi ɗaya. Na leƙa sosai ta gilashi, layukan a miƙe suke tsaf, hannun bai yi rawa ba.

Daga nan muka hau tudu zuwa abin da ya rage na tsohon gidan sarki, zaure ɗaya ne babba da aka gina tsakanin 1222 da 1235, sauran ginin an rushe shi bayan yaƙin basasa. A bango an rataye wani ƙaton tebur mai zagaye, faɗinsa mita 5 da rabi, wai na Sarki Arthur na tatsuniyarsu, amma su da kansu sun gwada itacen sun rubuta cewa aikin ƙarshen ƙarni na 13 ne, fentin kuma na zamanin Sarki Henry na 8. Na kalla na wuce, bai wani kama ni ba.

Abin da ya kama ni yana bayan zauren, a tsohon barikin soja inda suka jera gidajen tarihi na rundunoninsu, harda na Gurka 'yan Nepal. Mun shiga na rundunar Rifles, kayan sarki, lambobin yabo, bindigogi, ina tafiya ina kallo ba tare da wani tunani ba, sai ga shi a jerin yaƙe-yaƙen da suke alfahari dasu an rubuta Ashantee 1873-74. Jikina yayi sanyi. Na kira yaron nace zo ka gani, wannan garin uwarka ne. Wannan shine yaƙin da Tonawa, wato mutanen Asante, ke kira Sagrenti, da Janar Garnet Wolseley ya jagoranta, aka gwabza a Amoafo ranar 31 ga Janairu 1874, suka shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, suka kwashe kayan fadar Asantehene, wato sarkin Asante, Kofi Karikari, suka tarwatsa gidan dutsen nan na fada, suka cinna wa gari wuta, sannan a yarjejeniyar Fomena suka ɗora wa Asante tarar zinariya oza 50,000. A wajensu layi ɗaya ne a cikin jerin nasarori. A wajenmu garin da muke kwana muke tashi ne.

Yaron yace, Kawu, mu Hausawa a wane ɓangare muke a lokacin? Nace masa ɗana a duka biyun. A fadar Asantehene akwai malamai Musulmi tun zamanin Osei Bonsu, suna rubuta masa wasiƙu da Larabci suna rubuta layun da ake ɗinkawa a jikin batakari, rigar yaƙi. A ɗaya gefen kuma ga Kyaftin Glover ya taho ta gabas da sojojin da ake kira Hausa, waɗanda ya fara tarawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, kuma ba dukkansu bane Hausawan asali, Hausa dai suke ji. Daga irinsu aka kafa rundunar 'yan sandan Gold Coast, wato Ghana ta yau, a 1879 wadda daga baya ta zama sojan ƙasar. Wannan tarihinmu ne mai daɗi da mara daɗi, kuma ban taɓa jin an koya mana shi a makarantar boko ko ta allo ba, sai ɗan abin da tsofaffi ke faɗa a zaure. Wanda ke Kumasi bai je Manhyia, fadar Asantehene, ba tun 2024 ya kamata yaje, dan a shekarar, cika shekara 150 da yaƙin kuma shekara 25 da hawan Otumfuo Osei Tutu na 2, aka dawo da kaya 32 na fada daga manyan gidajen tarihi biyu na Landan. Amma aro ne fa, na shekara uku da damar ƙara uku, dan dokar ƙasarsu ta hana su bayarwa gaba ɗaya. Gidan tarihin Fowler na Amurka shi ya dawo da guda 7 kyauta ba sharaɗi. Aron kayanka daga hannun wanda ya ƙwace, abin yana min ciwo har yanzu, dukda haka gara a gansu a Kumasi da a ce sai mai biza ne zai gansu.

Wata rana Yaya ta samu hutu ta ɗauke mu a mota zuwa Highclere, arewa da Winchester, gidan zuri'ar Carnarvon, wanda suka sanshi a talabijin sun sanshi. Wanda ya zana majalisar dokokin Landan, Charles Barry, shi ya sake masa fasali a shekarun 1840. Gida ne na gani na faɗa a tsakiyar fili kore shar, ga manyan itatuwan al'ul na Labanan sun baje rassa, ga tumaki suna kiwo. Ba kullum suke buɗewa ba dan har yanzu masu gidan suna ciki, sai ka sayi tikiti tun da wuri ta intanet. A ƙarƙashin gidan akwai ɗakunan kayan Masar, dan mai gidan na 5 shi ya ɗauki nauyin Howard Carter har aka gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922, shi kuma ya rasu a Alƙahira a 1923. Abin da mutane basu cika sani ba, mahaifinsa, mai gidan na 4, shine ministan ƙasashen mulkin mallaka daga 1874, a hannunsa aka ayyana Gold Coast a matsayin mallakar Ingila a watan Yulin shekarar, a ƙarshen shekarar kuma aka kafa dokar hana bauta a yankin. Ina tsaye a ɗakin karatun gidan cikin dubban littattafai ina tunanin mutumin da ya zauna a nan yana yanke hukunci a kan ƙasar da kakanninmu ke fatauci a cikinta. Gidan yana da kyau, ba zan ɓoye ba, amma da nauyi a ƙirjina na zagaya shi.

Mottisfont kuwa hutu ne kawai. Tsohon gidan masu ibada ne na 1201 da aka mayar gidan zama, a bakin kogin Test kusa da Romsey, yanzu yana hannun wata ƙungiya mai suna National Trust da aka kafa a 1895 dan kula da irin waɗannan wurare. Lambun furen wardinsa ne yayi suna, irin tsofaffin wardin da sau ɗaya suke fure a shekara, dan haka watan Yuni ake zuwa. Tun kafin ka shiga katangar ƙamshi ke tarbarka. Mafi yawan masu nuna hanya da masu tsugunne suna cire ciyawa tsofaffi ne 'yan fansho, kuma ba biyansu ake ba, sa kai ne. Wata tsohuwa da safar hannu duk ƙasa ta tsaya tana nuna wa Yaya yadda ake yanke furen da ya bushe a saman ganye dan reshen ya huta. Mu da ake wa garinmu kirari da birnin lambu, yaushe rabon da ka ga an dasa itace a unguwarku ba sarewa ba. Shawara ga mai zuwa, ka tafi da abincinka, mu Yaya ta dafo mana wake da shinkafa da shito muka ci a kan ciyawa, a nan gefe muka yi azahar ba wanda ya kalle mu sau biyu.

To yanzu ga inda nake son kaiwa. Daga bayan babban cocin akwai wata siririyar hanya da ta bi ta gefen tsohuwar kwalejin garin ta 1382, ta shiga fadama a bakin kogin Itchen. Ruwan garai-garai, kana ganin kifi a tsaye yana kaɗa wutsiya a kan tsakuwa, na tuna rafin Subin na Kumasi da ledojinsa naji ba daɗi. Tafiyar kamar minti 20 sai ka iso St Cross. Wani babban limamin cocin garin, Henry na Blois, jikan Sarki William wanda ya ci Ingila da yaƙi, shi ya kafa gidan a shekarun 1130 dan a ajiye matalauta 13 da ƙarfinsu ya ƙare, a kuma ciyar da mutum 100 kullum. Har yau gidan na aiki. Tsofaffi 25 ke zaune a ciki kowa da ɗakinsa, wasu da baƙar alkyabba mai azurfar gicciye a ƙirji, wasu da ja mai duhu, su kuma nasu sashen an ƙara shi ne a 1445. Na ga ɗaya yana tafe a hankali da sandarsa ya ratsa tsakar gidan, ciyawa a gyare, dogayen bututun hayaƙi a jere a kan ɗakunan, shiru kake ji.

Kuma har yau duk matafiyin da ya zo ɗakin mai tsaron ƙofa ya roƙi rabon matafiya, za'a bashi gutsuren burodi da ɗan kofin giya, ba'a tambayarka daga ina kake ko kana da kuɗi, sharaɗin kawai ka buɗe baki ka tambaya. Yaron yace Kawu tambaya mana. Na tambaya. Aka miƙo min ɗan farin burodi a faranti, nace giyar kam a barta ni Musulmi ne, aka ce ba komai. Gutsuren bai fi loma ɗaya ba, amma da na sa shi a baki sai da idona ya kawo ruwa, dan gidan kakana na tuna.

Duk ɗan Zongo ya san wannan al'adar, tamu ce. Kakana maigida ne na fataken goro. Mutanenmu da yawa sun gangaro Kumasi da Yeji da Karachi (Kete Krachi) da Ankara (Accra) ne bayan yaƙin Salaga na 1892 ya watsa kasuwar can, kuma abin da ya riƙe su a baƙon wuri shine zauren maigida. Baƙo ya sauka da tabarmarsa da butarsa, a kawo masa ruwa da fura, da dare tuwo, a ajiye masa kayansa da kuɗinsa amana, a nemo masa mai saye, in ya kwanta ciwo a yi jinyarsa in ya mutu a yi masa sutura. Na tashi na tarar da ƙarshen abin, ina yaro ni ke kai kwanon tuwo zaure ga mutanen da ban san sunansu ba. Yau zauren nan an raba shi biyu, gefe ɗaya shagon gyaran waya gefe ɗaya ɗakin haya. Ba wanda yayi mugunta, tsoho ya rasu aka raba gado, kowa da 'ya'ya da kuɗin makaranta.

Abin da na tsaya ina juyawa a St Cross shine me yasa nasu ya kai kusan shekara 900 namu bai wuce jikoki ba. Ba wai sun fi mu tausayi bane, wallahi a kyauta da karɓar baƙo ban ga wanda ya kai mutanenmu ba. Kuma ba wai su basu da maciya amana bane, a ƙarni na 19 wani shugaban gidan ya daɗe yana cin kuɗin gidan har magana ta kai kotu aka sake tsarin gaba ɗaya. Bambancin shine wanda ya kafa bai bar abin a kan kirkin magada ba. Ya ware filaye da kuɗin shigarsu ya rubuta cewa na gidan ne, ba'a gadonsu, ya rubuta mutum nawa za'a ajiye mutum nawa za'a ciyar, shi yasa da aka samu mai ci akwai takardar da za'a ɗauko a ce masa ga abin da aka rubuta. Kuma abin da ya ƙara dama ni, wannan ai wakafi ne, yana cikin addininmu tun farko. Sayyidina Umar da ya samu fili a Khaibar, Annabi SAW ya bashi shawarar ya tsare asalin ya sadaukar da amfanin, ba'a sayarwa ba'a kyautarwa ba'a gado, kuma cikin waɗanda aka ambata su ci harda matafiyi da baƙo. Muna karanta wannan a littattafan fiƙihu, amma a Zongo in ka cire masallaci da maƙabarta, gida nawa ka sani da aka rubuta shi wakafi dan baƙi ko tsofaffin da basu da kowa? Ga su nan muna ganinsu suna kwana a barandar masallaci.

Da na dawo na samu Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi kaɗai ya rage a cikinsu, na zauna na bashi labarin nan tun daga burodin har kotun. Nace Baffa ɗakin hayar nan na zaure in wa'adin mai ciki ya cika, me zai hana mu 'yan gida mu haɗa kuɗi mu fanshi rabon kowa, a rubuta shi wakafi da sunan tsoho, kuɗin hayar shagon ya riƙa ciyar da duk wanda aka sauke a ciki. Yaya tace daga can zata ɗauki kaso mai tsoka. Baffa yayi shiru yana jan carbi, can yace ba kowa zai yarda ba, akwai 'yan ɗakin da sai an bi su a hankali, kuma sai an sanar da Sarkin Zongo da liman su zama shaidu. Sannan yace takardar filin tana nan cikin akwatin ƙarfensa tun ta zamanin Turawa, in zo bayan sallar Juma'a mu buɗe mu duba, in taho da ɗan'uwanmu da ya karanta lauya.